Tambaya da Amsa: Idan Jirgin Shaƙatawa Ya Kafe a Bakin Teku

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun haɗu a kan batu guda, wato ƙananan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa da ke kafewa a yashi ko laka a wuraren da ruwan teku ke cika yana janyewa, da kuma masuntan da sukan kawo musu ɗauki. Na zaɓi huɗu daga ciki, na taƙaita wasu, kuma kamar yadda aka saba ban bayyana sunan kowa ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune ne a jihar Maryland ta Amurka. A watan Oktoban da ya wuce wani abokin aikina ya gayyace ni yawo a mashigin tekun Chesapeake, cikin jirginsa mai tafiya da iska wanda kuma yake da ɗan inji. Kwana biyu kafin nan iska mai sanyi ta yi ta kaɗawa daga arewa, sai ranar ta lafa. Da la'asar muka nufi bakin wani ƙaramin kogi domin mu kwana a ciki, allon taswirar da ke gabansa yana nuna cewa akwai ruwa isasshe. Ba mu ankara ba sai muka ji jirgin ya durƙusa a hankali, kofin shayin da ke hannuna ya tuntsire, muka tsaya cak. Mai jirgin ya sa giyar baya ya ba inji wuta, ruwan da ke bayanmu ya koma baƙi ƙirin saboda laka, jim kaɗan ƙararrawar zafin inji ta fara kuka. Muna cikin haka sai ga wani dattijo mai kamun ƙaguwa a farin jirginsa. Bai ce mana uffan a kan kuskurenmu ba. Ya ce a kashe inji, ya tambayi zurfin da jirginmu ke ci a ruwa, ya dubi wani turke da ke tsaye a gefen hanya, sannan ya ce mu ba shi awa biyu. Ya tafi ya ci gaba da ɗaga tarkunansa. Da ya dawo sai ya karɓi igiyar da ke saukowa daga ƙololuwar sandar jirgin, ya ja ta gefe har jirgin ya karkata, muka zame muka fita kamar ba a taɓa kafewa ba. Abokina ya miƙa masa kuɗi, ya girgiza kai ya yi tafiyarsa. Malam, yaya aka yi taswira ta ce akwai ruwa alhali babu? Kuma me dattijon ya gani a jikin turken nan?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara tsarewa. Bari in fara da taswira, domin ita aka fi ɗora wa laifi, alhali sau da yawa ba ƙarya ta yi ba, an dai tambaye ta abin da ba ta sani ba ne.

Ruwan teku ba ya zama a wuri guda. Jan da wata ke yi wa duniya, haɗe da na rana wanda tasirinsa bai kai rabin na wata ba, shi ke sa ruwa ya cika ya janye, a yawancin gaɓoɓin duniya sau biyu a yini da kwana. Tsakanin cika da cika akwai kimanin awa 12 da minti 25, saboda haka kowace rana lokacin yakan yi jinkirin kusan minti 50. Wanda ya ratsa wani wuri lafiya da ƙarfe huɗu na yammacin Asabar ɗin nan lokacin da ruwa ya tumbatsa, idan ya koma da ƙarfe huɗu Asabar mai zuwa, janyewa zai tarar. Lambar zurfin da ke kan taswira kuwa an ƙirga ta ne daga wani ma'auni tsayayye, wanda a Amurka shi ne matsakaicin janyewa mafi ƙasa ta kowace rana. Da zarar an ce matsakaici, an yarda ke nan akwai ranakun da ruwa ke sauka ƙasa da shi.

Ranarku tana cikin irin waɗannan ranaku. Chesapeake ruwa ne mai faɗi da tsawo, kimanin kilomita 320 daga kudu zuwa arewa, amma matsakaicin zurfinsa bai wuce mita 6 da rabi ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinsa bai kai mita 2 ba. Cika da janyewarsa ba su da girma: a bakinsa bambancin bai cika mita ɗaya ba, a wajen birnin Annapolis kuwa kusan santimita 30 ne kawai. To, inda abin da wata ke yi ya zama kaɗan haka, iska takan fi shi ƙarfin faɗa a ji. Idan ta kwana ɗaya ko biyu tana busawa daga arewa ko arewa maso yamma, takan kora ruwan mashigin zuwa Tekun Atlantika, sai ruwa ya sauka ƙasa da abin da jadawali ya yi hasashe, kuma ba ya dawowa nan take don iskar ta lafa. Jadawalin cika da janyewa lissafin wata da rana ne, bai san da iskar shekaranjiya ba.

Ƙari a kan wannan, bakin ƙaramin kogi wuri ne da yashi ke ƙaura. Guguwa ɗaya tana iya kwashe tudun yashi daga gefen hagu ta zube shi a tsakiyar hanya, awon da aka zana taswira da shi kuwa a irin waɗannan lunguna yakan kasance na shekaru da yawa da suka wuce. Allon da ke gaban abokinka yana nuna masa inda jirginsa yake daidai wa daida, da launuka masu kyau da ke sa zuciya ta kwanta, amma ƙasan ruwan da yake nunawa na ranar da aka auna ne. Ita ma na'urar auna zurfi abin da ke ƙarƙashin jirgi take faɗa, ba abin da ke gabansa ba, kuma a gefen tudu mai gangare takan yi magana ne bayan aikin gama ya gama.

Abin da ya fi ba ni tsoro a labarinka shi ne wutar da aka ba inji. Injin jirgi da ruwan da yake tafiya a kai yake sanyaya kansa, ta wata 'yar kafa da ke ƙarƙashin jirgin. Farfela ta tayar da laka, kafar ta zuƙe ta, hanyar ruwa ta toshe, shi ya sa ƙararrawa ta yi kuka. Da an ci gaba, da kun wayi gari da matsala biyu maimakon ɗaya. Gwada komawa da baya a hankali sau ɗaya, ta hanyar da aka shigo, ba laifi ba ne. Idan jirgi bai motsa ba, a kashe inji, a duba ko kowa lafiya, kowa ya sa rigar kariya daga nutsewa, a ɗaga katakon daɓe a ga ko ruwa na shigowa, sannan a yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci: ruwan nan cikowa yake yi ko janyewa?

Wannan tambaya ce dattijon ya yi wa turke. A jikin turken da ya daɗe a ruwan gishiri akwai zanen gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo da ke manne masa, wanda ke nuna inda ruwa ya saba kaiwa. Tazarar da ke tsakanin wannan zane da fuskar ruwa ita ce ruwan da ake bin teku bashi. Danshin itacen yana nuna ko ruwan bai daɗe da sauka ba, ɗan kwararon da ruwa ke yi a bayan turken kuma, tare da gefen da alamun tarko suka karkata, yana nuna ko ya juyo ciki ko har yanzu fita yake. Mutumin da ke fita tun kafin asuba kusan kullum, shekara da shekaru, a ruwa guda, kallo ɗaya ya ishe shi ya haɗa waɗannan duka da iskar da ya san ta lafa. Sauran aikin dabara ce sananniya. Jirgi mai tafiya da iska yana da farantin ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashin cikinsa wanda ke hana shi kifewa, kuma shi ne ya nutse a laka. Idan aka ja ƙololuwar sanda gefe, jirgi ya karkata, farantin yakan ɗago daga ƙasa, zurfin da jirgin ke buƙata ya ragu. Ya jira teku ta ba shi taƙi ɗaya, ya ƙaro wani taƙin da igiya.

Masunta irin wannan dattijo, waɗanda sunan da ake kiransu da shi a can yake nufin mutanen ruwa, da ƙaguwa da kawa (wata halittar ruwa mai ɓawo biyu) da kifi suke ci da iyalinsu, kuma akwai tsibirai irin su Tangier a Virginia da Smith a Maryland da rayuwarsu ta ginu a kan wannan sana'a. Farin jirgin da ka gani an ƙera shi ne da kaifin ƙirji da shimfiɗaɗɗen baya domin ya yi aiki a ruwa marar zurfi, har jihar Virginia ta ɗauke shi a matsayin jirginta na alfahari a 1988. A nan ne nake jan kunnen duk baƙon da ke tuƙi: da ɗan gari akan ci gari, amma tambayarsa ake yi, ba bin bayansa ido rufe ba. Inda jirginsa ya wuce sumul, naka mai cin ninkin zurfin nasa zai iya zama daram.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ɗana yana karatu a Ingila, ya shiga ƙungiyar masu tuƙa ƙananan jirage a wajen bakin kogin Thames. Kwanan baya ya turo mini hoton jirginsu kwance a gefe guda cikin laka, babu ruwa ko ɗigo iya ganin ido, su huɗu suna zaune a kansa suna dariya. Ya ce in kwantar da hankalina, ruwa zai dawo ya ɗauke su. Ni dai ban runtsa ba a daren. Shin gaskiya ya faɗa mini, ko lallashina yake yi?

Amsa: Hajiya, gaskiya ya faɗa miki, amma rashin barcinki ma yana da dalili, domin wannan ruwa ba irin na wasiƙar farko ba ne. A bakin Thames bambancin cika da janyewa yakan kai mita 5 a lokacin babbar cika, wadda ke zuwa sau biyu a wata, a kwanakin tsayuwar jinjiri da kuma lokacin da wata ya cika, sa'ad da jan rana da na wata suka haɗu a layi ɗaya. A mashigin Fundy na Kanada, inda ya fi ko'ina a duniya, yakan kai kusan mita 16. A irin waɗannan wurare teku takan kwashe kayanta ta bar fili fetal, ta dawo bayan 'yan awoyi.

Matuƙa suna da wani lissafi mai sauƙi na yadda ruwa ke sauka ko hawa cikin awa shida. Idan aka raba bambancin gida 12, awa ta farko takan tafi da kashi ɗaya, ta biyu kashi biyu, ta uku da ta huɗu kashi uku uku, ta biyar biyu, ta shida ɗaya. Ma'anarsa, a tsakiyar janyewa a inda bambancin yake mita 5, ruwa na sauka fiye da mita ɗaya cikin awa guda, kusan santimita 2 kowane minti. Wanda jirginsa ya taɓa ƙasa a wannan lokaci yana da 'yan mintuna ne kacal ya kuɓuta. Idan suka wuce, ƙarfi ba ya ƙara amfani, sai shirin zama.

Shirin zaman shi ne ke raba wanda zai tashi lafiya da wanda zai yi asara. Tun ruwa bai ƙare ba ake tara nauyi a gefe guda domin jirgi ya kwanta yana jingine da tudu, kada ya faɗi ta wajen gangare, saboda idan ya kwanta kansa ƙasa, ruwan da ke dawowa zai iya shiga ta ƙofarsa kafin ya ɗaga shi. Ana rufe tagogi da duk wata kafa, a kashe gas, a sa katifa ko wani abu mai laushi a inda gefen jirgi zai taɓa ƙasa idan akwai duwatsu. Sannan a ɗauki anka, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, a ƙaramin kwalekwale a kai ta wajen ruwa mai zurfi a jefa, domin idan ruwa ya dawo, jirgin ya taso yana riƙe, kada raƙuman ruwa su yi ta tura shi gaba kan tudu. Laka mai laushi a wurin da babu iska gado ce. Yashi mai tauri a wurin da raƙuman ruwa ke fashewa kuwa shi ne abin tsoro, domin a mintunan da jirgi ke tsakanin tasowa da zama, kowane raƙumin ruwa yakan ɗaga shi ya maka da ƙasa.

Abu ɗaya nake so ki nanata wa ɗanki, kuma ki faɗa masa da murya irin ta uwa: kada ya sauka ya ce zai taka zuwa gaɓa. Filin da ake gani a shimfiɗe yana da kwazazzabai, kuma ruwa idan zai dawo su yake fara cikawa, ya zagayo ta bayan mutum ya datse masa hanya, ga laka tana riƙe ƙafa har gwiwa. Ranar 5 ga Fabrairun 2004, a mashigin Morecambe da ke arewa maso yammacin Ingila, ruwa ya rutsa da wasu leburori 'yan ƙasar Sin da ke tonon wani nau'in kawa cikin dare, aƙalla 21 suka halaka. Jirgi ko a kwance yake ya fi ƙafa tsaro, kuma masu ceto sun fi saurin hango shi.

Ya kuma sanar da masu gadin gaɓar teku halin da suke ciki tun da wuri, ko da babu haɗari, ta rediyon oba-oba na jirgi a tasha ta 16, wadda ita ce tashar kiran gaggawa a tekunan duniya, ko ya buga 999 ya nemi a haɗa shi da su. Kalmar Mayday ta wanda ransa ke cikin haɗari ce nan take, Pan-pan kuma ta wanda ke cikin matsala mai buƙatar kulawa amma ba ta kai ga rai ba. A gaɓar Birtaniya da Ayalan akwai ƙungiyar ceto ta RNLI, wadda aka kafa a 1824, kuma yawancin masu fita da jiragenta 'yan sa-kai ne, da dama daga cikinsu mutanen garuruwan bakin ruwan ne da suka san kowane tudu da sunansa.

Don hankalinki ya ƙara kwanciya, akwai masu yin wannan da gangan. A tekun Wadden da ke gaɓar Holan da Jamus da Denmak, masu jirage masu shimfiɗaɗɗen ciki sukan zaɓi wuri mai kyau su bar ruwa ya janye su zauna a kan yashi, a gabashin Ingila ma ana ƙera jirage masu faranti biyu a ƙasa domin su tsaya a miƙe idan ruwa ya tafi. Wanda ya fi shan wahala shi ne wanda ya kafe daidai ƙololuwar babbar cika, domin cikar da ke biye kullum raguwa take yi, sai jirginsa ya yi kusan mako biyu a kan tudu yana jiran wata. Shi ya sa ake shiga wurin da ba a sani ba lokacin da ruwa ke hawa kuma da sauransa, ta yadda ko an taɓa ƙasa, ruwan da ke tafe zai ɗaga jirgi.

Tambaya: Malam, na ji ana cewa a dokar teku duk wanda ya ja jirginka daga inda ya kafe yana da haƙƙi a kansa, har yana iya kai ka kotu ya karɓi wani kaso na kuɗin jirgin. Idan haka ne, ashe karɓar igiya daga hannun masunci ba ganganci ba ne?

Amsa: Malam, maganar tana da tushe, amma an ƙara mata gishiri. Dokar teku ta bambanta ja da ceto. Ja shi ne a taimaka wa jirgin da ba ya cikin haɗari, a biya gwargwadon lokaci ko yadda aka yi ciniki. Ceto kuwa shi ne wani ya zo bisa raɗin kansa ya kuɓutar da dukiyar da ke cikin haɗari na gaske, kuma ya yi nasara, domin ƙa'idar ita ce in babu nasara babu lada. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan ceto a teku, wadda aka ƙulla a Landan a 1989, ta tanadi cewa a auna ladan da darajar abin da aka ceto, da girman haɗarin, da ƙwarewa da wahalar mai ceton, kuma ladan ba zai wuce darajar dukiyar ba. Mai ceto ba ya zama mai jirgi. Yarjejeniyar ta kuma ce ba a bin mutumin da aka ceci ransa kuɗin ceton rai, sannan wanda ya yi aiki bayan mai jirgi ya hana shi a fili bisa dalili mai ma'ana ba shi da lada.

Inda rigima ta fi tasowa shi ne da kamfanonin da jan jirage ne sana'arsu. A Amurka tun shekarun 1980 masu gadin gaɓar teku suka bar jan jiragen da ba sa cikin haɗari ga 'yan kasuwa, kuma da yawa daga masu jiragen shaƙatawa sukan biya kuɗin shekara domin a ja su idan buƙata ta taso. Wannan biyan yakan rufe kafewa mai sauƙi a laka, amma jirgin da ya hau dutse ko yake shan dukan raƙuman ruwa yakan faɗa babin ceto, inda lissafin yake da nauyi, kuma a nan ne inshora ke shigowa. Maganin abin jimla ɗaya ce kafin igiya ta bar hannu: "Wannan ja ne ko ceto, kuma nawa ne?" A yi ta a gaban shaida ko ta rediyo. Babu mutumin kirki da wannan tambaya za ta ɓata wa rai.

Amma ban yarda a dubi masunci da idon zargi ba. Taimakon wanda ke cikin haɗari a teku wajibi ne a kan kowane matuƙi matuƙar ba zai jefa jirginsa da mutanensa cikin halaka ba, kuma sashe na 98 na yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ya tabbatar da shi. Masunta sun riga takarda sanin wannan, domin kowannensu ya san wata rana injinsa ne zai mutu. Dokar Amurka ma ta kare wanda ya taimaka kyauta da kyakkyawar niyya daga biyan diyyar ɓarnar da ta auku, muddin ya yi abin da mai hankali zai yi.

Abin da ya kamata a ji tsoro a igiya ba kotu ba ce, igiyar kanta ce. Ta nailan tana miƙewa kamar roba, idan ta tsinke ko ƙarfen da aka ɗaura ta a jiki ya tumɓuke, takan dawo da ƙarfin da zai fasa kan mutum. A ɗaura ta a wuri mafi ƙarfi a jirgi, kowa ya kauce daga layinta, a ja a hankali ba da fizga ba, kuma kada a ja jirgin da ya huje zuwa ruwa mai zurfi, domin tudun da ya riƙe shi shi ne ya hana shi nutsewa.

Game da kuɗin da dattijon wasiƙar farko ya ƙi karɓa, miƙawar daidai ce, ƙin karɓar ma daidai ne. Ya ƙona mai, ya bar tarkunansa, kuma lokacin da ya ɓata daga abincin gidansa ya fito, saboda haka a yi tayin kuɗin mai cikin mutunci, sau ɗaya ko biyu, in ya ƙi a yi godiya a bar shi da alherinsa. Akwai biyan da ya fi wannan amfani gare shi da 'yan'uwansa: a rage gudu idan za a wuce mai aiki domin kada raƙuman ruwan jirgi su wujijjiga shi yana ɗaga tarko, a kauce wa alamun tarkunansa kada farfela ta yanke igiyarsu, domin tarkon da igiyarsa ta yanke ya tafi ke nan, yana ƙasan ruwa yana ci gaba da kama ƙaguwar da babu mai ɗauka.

Tambaya: Malam, ni a ganina masu kafewar nan sakaci ne ke damunsu. Mutum ya sayi jirgi don yana da kuɗi, bai koyi komai ba, ya je ya hana masu neman halaliyarsu aiki. Bai kamata a riƙa cin su tara ba?

Amsa: Ɗan'uwa, na yarda da rabin maganarka. Wanda ya fita bai duba jadawalin ruwa ba, bai san zurfin da jirginsa ke ci ba, yana zuba gudu a wurin da bai sani ba, ya yi sakaci, kuma ɓarnarsa ba a kansa kaɗai take tsayawa ba. Farfelar da ke haƙa hanya a ruwa marar zurfi tana yanke ciyawar ƙasan teku inda ƙananan kifaye da ƙaguwa ke girma, tabon kuma yakan ɗauki shekaru bai warke ba. A yankin tsibiran Florida da aka keɓe domin kare halittun ruwa, ana cin tarar mai jirgin da ya lalata ciyawa ko murjani, har a ɗora masa kuɗin gyara, kuma ina ganin hakan adalci ne.

Sauran rabin ne ban yarda da shi ba, domin kafewa ba ta san ɗan koyo kaɗai ba. Ranar 13 ga Maris 2022, jirgin dakon kaya mai suna Ever Forward, mai tsawon mita 334, ya taso daga Baltimore zuwa Norfolk da ƙwararren jagora a cikinsa, ya wuce inda ya kamata ya yi kwana, ya kutsa cikin lakar Chesapeake. Binciken masu gadin gaɓar tekun Amurka ya gano cewa wayar hannu ta ɗauke hankalin jagoran. An yi yashe a kewayen jirgin, an gwada jan sa da manyan jiragen ja bai motsa ba, sai da aka sauke kwantena kusan 500, sannan ya taso ranar 17 ga Afrilu, bayan kwana 35, da taimakon babbar cikar da ta biyo cikar wata. Wurin da ya zauna da inda aka yashe sun shafi wani filin kawa na asali, kuma daga baya jihar Maryland ta ɗora wa masu jirgin biyan fiye da dala 600,000 domin a sake shuka kawa a madadin abin da aka lalata.